Abin da Na Ɓoye wa Likita a Gabanka

Haɗeja,
Ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin wadda bakina bai taɓa iya yi maka ba. Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka a mota da masauki, ya haɗa ka da abokan aiki na kirki, ya sa aikin nan da ka samu ya zame maka alheri duniya da lahira.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, ƙofar ɗakinka tana kallon tawa, sai ga takarda kamar daga wata ƙasa. To, ka san yadda muke. Kai ɗan fari ne, ni kuma a gidan Fulanin Kaugama na tashi, inda uwa ba ta zama ta baje hira da ɗanta na fari. Shekararka ashirin da bakwai ban taɓa kiran sunanka na yanka ba. Ko wanda ke bayan ambulan ɗin nan ƙanwarka Ummi na sa ta rubuta, tana yi tana yi mini dariya. Kwana uku ke nan ina wannan rubutu, domin hannun damana ba ya jure biro kamar da. In ka ga layi ya karkace, kada ka ce tsohuwar malamar makaranta ta manta aikinta.

Bari in fara da babbar maganar tun hannun bai gaji ba. Watan jiya da ka kai ni wurin likitan jijiyoyi a Kano, ƙarya na yi masa, kana zaune. Saboda wannan ƙarya ya ce ba zai ɗora ni a kan magani mai ƙarfi ba. Ƙafata kuwa ba ta jira. Bara war haka ina dogara sanda in kai bakin masallacin unguwa. Yau iyakata zaure, daga nan sai in nemi bango. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zauren ma zai yi mini nisa, har a kai ga sai an ɗauke ni an kai ni bayi. Shi ya sa nake rubuto maka. Amma ba rana ɗaya na koyi ɓoyo ba, don haka ka yi haƙuri in faro maka daga tushe.

Kana aji ɗaya na sakandare ciwon ya fara. Ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi, sai alli ya faɗi daga hannuna. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Yara suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Kafin mako ya zagayo ƙafar hagu ta yi nauyi kamar ba tawa ba. Babanku ya ce sanyi ne, tunda gidanmu kusa da fadama yake. Ya je Kafin Hausa ranar kasuwa ya karɓo saiwoyi da turare. Na sha, na yi hayaƙi, bayan mako biyar na miƙe garau. Muka ce lallai mai maganin nan ya san aikinsa, har babanku ya kai masa zabi biyu na godiya.

Bayan shekara biyu abin ya dawo, wannan karon da jiri, ina ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Saiwar Kafin Hausa ba ta yi komai ba, sai aka ce ai ciwon shawara ne. Wata tsohuwa a Birniwa ta aiko da jiƙo, na sha, na warke, ita ma ta sha godiya. Sai shekaru bayan haka likita ya gaya mini cewa halin ciwon ke nan a farkonsa: ya zo ya yi makonni, ya tafi don kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakina, su kansu likitocin em-es suke ce masa a taƙaice. Garkuwar jikin mutum ce, wadda ya kamata ta kare shi, take juyowa tana cinye rigar jijiyoyinsa, kamar yadda ɓera ke ɓare wayar lantarki. Duk shekarun da muke rabon zabi, ita tana ta aikinta.

Ba wannan ne ya fi ba ni kunya ba. Ka san Malama Asabe, wadda muka yi koyarwa tare. Wata biyu kafin alli ya faɗi aka ba ni mataimakiyar shugaban makaranta, ita ba a ba ta ba. Wata ta raɗa mini a gidan suna cewa Asabe ce ta yi mini asiri, ni kuma na riƙe. Asabe ta zo duba ni da kwanon fura, tana fita na sa aka zubar a bayan gida. Shekara shida ina amsa gaisuwarta da ka, matar da ba ta yi mini komai ba.

To, Abba, in abu ya same ka ya tafi, kada ka yi saurin cewa ka san abin da ya kore shi. Addu'a kada ka bari, ni ma ban bari ba, amma ka je a duba ka. Kuma yanzu da za ka shiga cikin ma'aikata, ranar da wani abu ya same ka kada ka ɗaga kai kana neman fuskar wanda za ka ɗora wa. Na yi, ban ji daɗinsa ba.

Kuskure na biyu na masu ɗan ilimi ne, irinmu. Karo na huɗu da ciwon ya tashi aka kwantar da ni a asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa da wani magani kwana biyar. Kamar an sauke mini kaya, ƙafa ta saki, na taka da kaina zuwa mota. Sai na leƙa kati na kwafi sunan maganin, na aika kemis aka samo mini ɗan'uwansa na ƙwaya. Na ce tunda kwana biyar ya yi wannan aiki, ina ga wata biyar? Na yi ta sha a ɓoye. Fuskata ta cika ta yi fam, mata suna tare ni a gidan biki suna cewa, "Malama, barka dai, jiki ya yi kyau, hutu ya karɓe ki!" Ni kuma ina murmushi ina jin daɗi. Ashe kumburi ne. Sukari ya hau, barci ya gudu, ciwon kuwa ko a jikinsa. Daga baya aka gaya mini wannan maganin gajarta farmaki kawai yake yi in ya zo, ba ya hana ciwon ci gaba, kuma shan sa na dogon lokaci ɓarna ne. Kada ka zama likitan kanka don ka iya karanta kati. Kuma in mutane suka ce ka yi kyau, ka gode musu, amma ka tambayi jikinka.

Na uku gajere ne, kai ma ka gan shi. Shekara huɗu da suka wuce ciwon ya canza hali. Ya daina zuwa yana tafiya, sai ya zauna yana ja na ƙasa a hankali, kowace damina ƙafar ta fi ta bara nauyi. Shi ne likitoci ke kira mataki na biyu. Aka ce in riƙa zuwa gashin ƙashi a asibiti, in riƙa motsa ƙafa kullum, in riƙe sanda. Na ce ni? Ina da shekara arba'in da huɗu in dogara sanda a cikin Haɗeja, ɗaliban da na koyar suna kallo? Babanku ya ce, "Malama, ke fa 'yar makiyaya ce, kakanninki da sanda suka shigo garin nan, wa ya raina su?" Ban saurare shi ba sai da na faɗi a gindin randa na fasa goshi. Gashin da na yi wa wasa shekara guda, da na riƙe shi, wataƙila da ban kai haka ba. Na ce wataƙila, domin ban sani ba. Duk abin da zai taimake ka ka ɗauke shi da wuri, masu kallo ba su za su tashe ka ba in ka faɗi.

Yanzu ga babbar maganar.

Ka tuna daminar bara, da kogi ya cika ya ci jinga, ruwa ya shigo unguwarmu har gindin gado. Kai da babanku kuna can bakin jinga tare da mutanen unguwa kuna cika buhunan yashi, kwana da kwanaki ba mu gan ku sosai ba. Mu mata aka kwashe mu zuwa tudu. Wa ya buɗe mana ɗaki? Asabe. A gidanta na yi kwana ashirin da uku. Kwana biyu da zuwanmu na tashi da safe idona na hagu yana ciwo in na juya shi, ga wani hazo a tsakiyarsa. Jan mayafin Ummi na gan shi kamar ruwan toka. Ban taɓa yin irin wannan ba. Tare da shi kuma wani abu ya zo wanda ko a takarda nake jin nauyin rubuta maka: na kasa riƙe fitsari. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ba wanda ya lura sai Asabe. Muna cin tuwo ta dube ni ta ce, "Malama, hannunki yana wuce kwanon miya. Me ya sami idon?"

Na ce, "Ba komai, da sauƙi."

Ta ce, "Ni za ki ce wa da sauƙi? Ni nake wanke zannuwan nan da ke kike tura su ƙarƙashin katifa."

Nan na fashe da kuka, na roƙe ta gafara a kan shekara shidan nan, na ba ta labarin furar. Ta ce, "Ai na sani tun ranar. Kwanon ya dawo mini kafin in isa gida, an wanke shi da toka har gindi. Na yafe tuntuni. Amma wannan na idon, ki faɗa wa yaron nan ya kai ki Kano." Na ce to. Ban faɗa ba. Hanya a yanke take, kuna fama da ruwa, shinkafar babanku ta nutse, ina zan ƙara muku da nawa? Bayan mako uku hazon ya fara washewa, ko da yake har yau jan abu bai dawo mini daidai ba a wannan idon. Ɗaya matsalar ta ragu, ba ta tafi ba.

Sai watan jiya. Ka tuna sun saka ni cikin injin nan mai ƙara suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitan, yaro ne sa'anka ko ya girme ka kaɗan, ya ɗaga hoton ya ce tsofaffin tabo suna nan, amma bai ga sabo a fili ba. Sannan ya juyo ya ce, "Mama, hoto ba ya nuna komai da komai, saura bakinki. Mataki na biyun nan iri biyu ne. Akwai wanda ciwon ya daina kai farmaki, yana dai ja a hankali. Akwai wanda har yanzu yana motsi, yana kai farmaki jefi-jefi. In yana motsi, akwai magunguna masu ƙarfi da za su iya rage masa gudu. In ba ya motsi, amfaninsu kaɗan ne, illarsu ta fi yawa. A shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, wani sabon abu ya zo miki ya kwana biyu ko fiye? Ido, hannu, fitsari?"

Kana gefena a zaune, biro a hannunka, za ka rubuta. Na dubi ƙasa na ce, "Alhamdu lillahi, likita, da sauƙi."

Ya sake tambaya, "Babu komai, Mama? Ko fitsari?"

Na ce, "Babu."

Abba, ta yaya zan buɗe baki a gaban ɗan fari da wani ɗan mutane in ce ina jiƙa zani? Goggona da ta raine ni, Allah ya jiƙanta, ta haifi 'ya'ya tara ba a taɓa jin nishinta ba, kuma da wannan ake yabon ta har ta rasu. A gidanmu in an ce ya jiki, amsa ɗaya ce, ko da mutum yana kan gargara. Haka na tashi, haka na ɗauka mutunci yake. Sai likitan ya rufe fayil ya ce to mu ci gaba da gashi da maganin sanƙarewar ƙafa, mu dawo bayan wata shida. Na ga ka yi ajiyar zuciya, ka ɗauka labari mai daɗi ne. A mota har ka sayo mini gurasa.

Amma tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Ban tabbata kunya ce kaɗai ba. Kafin ya yi tambayar ya riga ya lissafa mana magungunan, kai ka rubuta, ni kuma tsoro ya kama ni. Na ɗauko takardar taka daga aljihun rigarka ranar wanki, tana ƙarƙashin filona, na karanta ta ya fi a ƙirga. Kullum ƙara ruɗewa nake yi.

Akwai ƙwaya ta kullum, guda ɗaya. Wannan ta fi kwanta mini, domin a gida zan sha, ba wanda zai ɗauke ni zuwa ko'ina. Amma ya ce sai an gwada jini an ga ko jikina zai iya sarrafa ta, a duba zuciya, a duba ido. Ana farawa da kaɗan ana ƙarawa. In aka yi fashin kwana huɗu a jere sai a koma farko, in kuma aka yanke ta gaba ɗaya ciwon yana iya dawowa da fushi. To ni da ke zaune a garin da ruwa ke yanke hanya mako uku? In ta ƙare a hannuna ranar da kwalekwale ke yawo a kan titi fa?

Akwai ƙarin ruwa, sau ɗaya duk wata shida, a Kano. Wannan ba mantuwa, ba ƙarewa a hannu. Sai dai yana kwantar da wani sashe na garkuwar jiki, kuma sai an gwada ciwon hanta da tarin fuka tukuna. Ya ce ƙananan cututtuka za su fi saurin kama ni. Na tuna bayan ruwa ya janye bara, gida nawa ne a unguwar nan ba a kwanta da zazzaɓi ko gudawa ba? Ni da za a rage wa garkuwa, a nan zan zauna, bakin fadama, sauro yana raka mu har cikin sallah.

Akwai tsohuwar allura, yau a yi gobe a huta, ita ya ce an daɗe da sanin halinta, amma tana sa zazzaɓi da ciwon jiki, kuma ba ta son zafi, ya fi kyau a ajiye ta a firiji. Da na karanta wa babanku wannan sai ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarkin ɗakina, wanda rabonsa da kamawa tun ranar Lahadi. Akwai kuma ta huɗu, ƙwaya ce da ake sha 'yan kwanaki a shekarar farko, 'yan kwanaki a ta biyu, sannan a huta. A nan rubutunka ya cakuɗe, ka ja layi ka sa alamar tambaya. Ban sani ba ko cewa ya yi ba a samun ta a ƙasar nan, ko cewa ya yi ba ta dace da ni ba. Dukkansu dai ya ce suna da tsada kuma samun su sai an yi da gaske. Kuma ya maimaita sau biyu cewa babu wanda zai dawo mini da abin da ya riga ya tafi, iyakarsu su rage gudu, wani ma ya sha bai ga bambanci ba.

Na tambayi babanku wanne yake gani. Eh, shi na gaya masa komai makon jiya. Ya ce, "Malama, ni shinkafa na sani. Amma ko a gona, ban taɓa kiran malamin gona in ɓoye masa inda tsutsa take ba." Sannan ya tashi ya fita, ya dawo da idonsa ja, ya ce hayaƙin masu bandar kifi ne.

Ga wani abin da ya ƙara dagula mini lissafi. Likitan ya ce zafin rana ko zazzaɓi suna iya tayar da tsofaffin alamu, mutum ya ɗauka farmaki ne, alhali ba shi ba ne. Ni ma na san haka, domin duk bazara ƙafata takan mutu da azahar ta farfaɗo da yamma. To na gidan Asabe fa? Na yi ɗan zazzaɓi kwana biyu kafin mu bar gida, amma ya sauka kafin idon ya fara. Idon kuma sabon abu ne, kuma ya yi mako uku. Wani lokaci in ce farmaki ne tabbas. Wani lokaci in ce ke dai tsohuwa, kina neman tayar wa yara da hankali a kan zazzaɓin sauro. Har addu'a na rasa wadda zan yi. In ce Allah ya sa yana motsi, don in sami magani? Wa ke roƙon ciwonsa ya zama mai motsi? In ce Allah ya sa ba ya motsi, ke nan na roƙi a ce babu abin da za a yi mini. Sai kawai in ce Allah ka zaɓa mini, in shafa.

Abin da na gane a ƙarshe shi ne, ba ni ce zan yanke ko farmaki ne ko ba shi ba ne. Aikin likita ne. Nawa aikin shi ne in faɗa masa abin da ya faru, shi ne kuma ban yi ba. Ya yi hukunci daidai a kan labarin da na ba shi, labarin ne ba daidai ba.

Don haka ga abin da nake so ka yi mini. Makonka na farko a Kano, kafin aiki ya sha kanka, ka je asibitin da katina, yana cikin ambulan ɗin nan. Ka nemi ganin likitan. Ka ce masa tsohuwar nan ta Haɗeja ta ɓoye masa magana, ka karanta masa abin da na rubuta a kan daminar bara, duka, har da na zanin. Kada ka tsallake don ka rufa mini asiri, rufin asirin ne ya kawo mu nan. Ka roƙe shi ya matso mana da ranar dawowa, kada mu jira wata shida. Ka tambaye shi ko jinkirin nan ya ɓata wani abu. Ka gaya masa yadda garinmu yake: ruwa yana yanke hanya daga tsakiyar damina, wuta ba ta zama, sauro ba ya hutu. Ka ce ya dubi waɗannan ya gaya mana wanne zai zaɓa wa tasa uwar in a nan take zaune. In ƙarin ruwan ne, ka tambaya ko za a iya tsara shi ya faɗo kafin damina da bayanta. In ya ce duk da haka babu wanda ya dace da ni, to na ji, zan ci gaba da zuwa gashi, in riƙe sandata, amma a kan gaskiya aka faɗa. Kuma ka gyara rubutunka wannan karon.

Ranar da za a koma da ni, Ummi za ta zo. Na yi tunanin in ce ka tsaya a waje, sai na ga in na yi haka ban koyi komai ba. Ka shigo ka zauna inda ka zauna. Zan dubi bango, amma zan yi magana.

Saura nasiha guda, ita ce ta fi damuna. Na ga halin nan a jikinka. Bara da kwanon rufi ya yanke ka a ƙafa a bakin jinga, kwana biyar kana ɗingishi a ɓoye, sai da wurin ya yi ruwa Ummi ta gani. Da babanku ya tambaye ka, me ka ce? Da sauƙi. Na ji ka daga ɗaki, kuma Allah ya gani, alfahari na ji a lokacin, na ce ɗana ya yi gado. Yanzu ina neman gafararka a kan wannan gadon. Za ka zauna a garin da ba wanda ya san tafiyarka balle ya gane ta canza, babu wata Asabe da za ta lura hannunka yana wuce kwano. In maƙwabci ya gaishe ka a hanya, ka ce da sauƙi, ladabi ne. Amma in wanda zai yi maka magani ya tambaye ka, ka faɗa masa inda ke ciwo, da yaushe ya fara, da abin da kake jin kunyar faɗa. In Allah ya ba ka mata, ranar da ta ce maka da sauƙi, ka zauna ka sake tambaya. Ni ma in ka bugo waya na ce maka haka, kada ka yarda da ni, ka ce a ba Asabe.

Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka ci abinci kafin ka fita aiki, kada ka hau babur ɗin da ke gudu don ka makara. Akwai yaji da busasshen kifi a cikin jakarka ta baya, kada ka bar su a tasha. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin mutum da na hanya, ya ba ka lafiyar da za ka yi aiki da ita, ya dawo mana da kai cikin aminci.

Gobe da safe in za ka tafi, babanku da Ummi za su raka ka tasha. Ni zan tsaya a zaure, ba zan dube ka ba, zan ce Allah ya kiyaye, in juya. Duk tafiyar da ka taɓa yi haka na yi maka, tun kana tafiya makarantar kwana, kuma ka san kunya ce. Ta gobe ba kunya ba ce, Abba. Da ƙafar za ta kai ni, wallahi da har bakin mota zan bi ka, kowa ya gani. Ka je wurin likitan nan da wuri. Ina so ranar da za ka dawo ka yi sallama, ka same ni a zauren nan a tsaye.

Wassalam.

Ni ce,
Innarku.